Wanda Ya Sauka Ɗauko Akuyar

Mai Kujera bai san ranar da littafin ya shigo gidansa ba. Ya dai dawo daga shago wata yamma, rigarsa duk ɓurɓushin soso, ya tarar da babbar 'yarsa zaune a bakin ƙofar ɗakin kakarta, ta kifa kai a kan wani littafi mai koren bango, ko sannu da zuwa ba ta yi masa ba. Ita ce kuwa tun tana rarrafe take rigan kowa jin ƙarar babur ɗinsa, har 'yan gidan suka laƙaba mata 'Yar Baba, sunan ya bi ta har makarantar sakandare. Sai da ya yi gyaran murya sannan ta ɗago, idanunta jawur.

Ya tambaye ta wa ya taɓa ta. Ta ce ba kowa, littafin Baffa Malam ne take karantawa, ta zo wurin da kakar yaron da ke cikin labarin ta rasu.

Baffa Malam ɗan ƙanin mahaifin Mai Kujera ne. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, sai Tsohuwa, mahaifiyar Mai Kujera, ta haɗa su ta riƙe. A tabarma ɗaya suka tashi, a wani ƙauye da ke can saman dutse, awaki ɗaya suka yi kiwo, bulala ɗaya suka sha. Inda hanya ta raba su shi ne makaranta. Ƙaramin ya zarce har ya zama malami, babban ya tsaya a firamare, ya sauko gari koyon gyaran kujeru. Mai Kujera ya daɗe yana jin ana cewa ƙanin nasa yana rubuta littafi, ya ɗauka irin maganar nan ce ta malaman makaranta, wadda ba ta wuce baki.

Shi dai tun da ya sauko bai ƙara ɗaukar dutsen nan a bakinsa ba. Da ya zo gari, abokan koyon aiki sun mai da shi abin dariya. In ya yi magana sai su toshe kunne, su ce yana kiran wani ne a ƙetaren kwari. In yana tafiya a shimfiɗaɗɗen titi sai su ce ya daina sunkuyawa, babu abin hawa a gaba. Shekaru ya yi yana danne murya yana miƙe baya, har ya zama in bai faɗa ba ba wanda zai ce ba a gari aka haife shi ba. Da 'Yar Baba tana ƙarama ta taɓa tambayarsa yadda garinsu yake, ya ce mata duwatsu ne da wahala, ta je ta yi karatunta.

Yanzu ga shi wahalar ta dawo masa gida cikin koren bango, kuma ana kuka a kanta.

Abin bai tsaya a kuka ba. Yarinyar ta koma ba ta da zance sai na dutse. A wurin cin abinci ta tambayi Tsohuwa ko da gaske ne gajimare yana shigowa har cikin ɗaki da safe. Ta ari wayar mahaifiyarta ta kira Baffa Malam, ta shige ɗaki, yana jiyo dariyarta ta bango. Ta fara cewa "a wajenmu" in tana nufin ƙauyen da ko a hoto ba ta taɓa gani ba. Wata rana ta dawo tana rawar jiki, wai malamarsu ta tsai da ita a gaban aji ta ce ga 'yar marubucin nan, aka yi ta tafi. Mai Kujera ya ce ai ba 'yarsa ba ce. Ta ce ai duk ɗaya ne, Baba. Ya tashi ya wanke hannu bai ƙoshi ba.

Shagonsa yana bakin titi, tsakanin wani tela da mai kemis, kuma da yake kullum akwai kujerar da ake jiran mai ita, ba a rasa mazauna. Sai ya tsiri wata ɗabi'a: duk wanda ya zauna, ya bi ta bayan gida ya jawo zancen littafin, kamar wanda abin bai dama ba.

Mai kemis, wanda shi ma ɗan dutse ne daga wani ƙauye kusa da nasu, dama a cike yake. Ya ce Malam ya tona musu asiri. Ya nuna su ba takalmi, suna kwana ɗaki ɗaya da awaki, kai duk ƙwarƙwata. Matarsa 'yar gari ce, tun da ta karanta, in ya yi mata faɗa sai ta tambaye shi ko a kawo masa akuya ya rungume ya huce. Wani direban motar kaya, shi ma daga can, ya zo karɓar kujerar motarsa, ya ce a'a, shi laifin da ya gani daban ne: Malam ya shafa wa wahala turare. Ina yunwar damina? Ina matan da ake saukowa da su a kan ƙyauren ƙofa suna naƙuda, wasu ba sa kaiwa ƙasa? Duk ya bar su, ya tsaya yana yabon fitowar rana. Wata malamar makaranta da ta kawo doguwar kujerar falonta ta ce ita ta karanta ta sake karantawa, kuma ajinta ya rabu biyu, rabi suna cewa ba abin da ke faruwa a ciki, rabi suna roƙon a kai su dutsen lokacin hutu. Tela ya leƙo ta taga ya ce shi kam ya gode wa marubucin, tun da aka ba shi aron littafin bai ƙara neman maganin barci ba. Ko a gida, matarsa Maman Yara da ta ɗan duba ta ajiye, ta ce akuya ta hau, akuya ta sauko, ba aure ba faɗa, ita ba ta ga abin kuka ba.

Mai Kujera yana ji yana tsinta. Yabon malamar ya bar shi a shago, sukar kuwa ya riƙa kwasowa yana kaiwa gida kamar cefane. Yau ya zauna ya ce littafin nan tonon asiri ne, ya mai da mutane abin kallo. Gobe ya ce ƙarya ce zalla, an ɓoye talauci an fito da fitowar rana. 'Yar Baba tana ji ba ta tanka ba, sai ranar da ya haɗa biyun a zama ɗaya.

"Baba, ɗazu ka ce ya tona talaucin, yanzu kuma ka ce ya ɓoye shi. Ka karanta kuwa?"

"Tas," in ji shi. "Tun kafin ke ma."

Maman Yara ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta san ko bangon bai taɓa ba. Yana karanta saƙon waya da takardar awo ba matsala, amma littafi mai kauri tsoro yake ba shi, ga shi ba ya so a gan shi riƙe da sunan ƙaninsa a hannu, yana bin layi da yatsa.

Maganar ta kwana ta tashi a ransa. Yana cire tsohon yadi daga jikin kujera yana tunani: me Malam ya sani game da dutse da shi bai sani ba? Yaron da ko igiya bai iya ƙullawa ba, wanda in an tafi kiwo shi ake bar wa gorar ruwa. Ai ganga ce a hannun wanda bai iya kiɗa ba, shi kuwa mai kiɗan ya zauna ya yi shiru. Sai ya yanke shawara zai ba yarinyar nan na gaskiya, daga bakin mai shi, ta ji bambanci.

Da yamma bayan an ci abinci, ana zaune a tsakar gida, ya ce wa yaran su matso. Ƙananan suka dubi juna, don ba su saba ba. Ya ce zai ba su labarin abin da ya faru da shi yana yaro.

Ya ce wata damina Tsohuwa tana da wata jar akuya mai ciki, ita ce dukiyar gidan. Suna kiwo, ta bi ɗanyen ganye ta gangara wani ɗan leɓen dutse da bai fi faɗin benci ba, ta kasa komowa. Ƙarƙashinta kwari ne mai zurfi, in ka jefa dutse ba ka jin saukarsa. Ya ce akuyar da ta maƙale ba a zuwa mata ta ƙasa, ba a kuma yi mata ihu, don tana firgita za ta yi tsalle. Ta sama ake zuwa. Aka naɗe igiya a gindin wata bishiya, ƙaninsa ya riƙe, shi ya ɗaura a ƙugu ya riƙa sauka a hankali, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin jariri. Da ƙafarsa ta taɓa leɓen, sai ya tuɓe riga ya yafa mata a ido. Akuya in ba ta gani, tsayawa take cak. Nan ya rungume ta ya ɗaure ta a ƙirjinsa, ya ja igiya.

Bai san lokacin da muryarsa ta tashi ba, tsohuwar muryar nan da ya binne, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ƙananan sun saki baki. Ya saci kallon 'Yar Baba, ya ga fuskarta ta washe, leɓunanta suna motsi tare da nasa. Zuciyarsa ta yi fari. Ya buɗe baki zai ƙarasa, sai ta riga shi.

"Sai ya ji zuciyar akuyar tana bugawa a ƙirjinsa, ya rasa wacce ce tasa." Ta tafa hannu. "Ashe kai ma wurin ya fi burge ka, Baba. Har ka haddace. Amma ka tsallake inda igiyar ta goge da dutse."

Ya tsaya yana kallonta. Ya ce wane wuri. Ta ce wurin akuyar mana, a littafin, inda Baffa ya sauka.

"Ni ne na sauka," in ji shi.

Ta yi dariya, ba ta raini ba, ta jin daɗi. Ta ce haka malamarsu ta ce, alamar littafi mai kyau ke nan, kowa ya karanta sai ya ji kamar shi ne. Ya so ya ce mata bai taɓa buɗe littafin ba, sai ya tuna da bakinsa ya ce ya karanta tas, tun kafin ita. Ya dubi Maman Yara ko za ta cece shi, ta kawar da kai tana danne dariya. Ƙaramin cikinsu ya tambaya ko Baba ne ko Baffa. Yayar ta ce masa Baba yana ba su labarin littafi ne, ya yi shiru.

Washegari da ta tafi makaranta ya ɗauki littafin ya cusa a jakar kayan aiki. A shago ya jingina wata doguwar kujera da bango, ya shige bayanta ya zauna a kan guntun soso, ya yi ta juya shafuka har ya ga kalmar igiya. Ya sa yatsa ya bi.

Komai yana nan. Jar akuyar, leɓen dutsen, bishiyar, rigar. Har maganar da aka yi wa akuyar ƙasa-ƙasa tana nan. Sai dai mai ba da labarin ne ya sauka. Wanda ya riƙe igiyar an ce "wani ɗan gidanmu" ne, kuma wai yana ta kuka a sama, saura kaɗan ya saki.

Da farko yana tsoron kada a ce an sa shi a littafin an yi masa ba'a. Yanzu ya koma farko yana neman kansa, ko da ba'ar ce. Kwanaki ya yi a bayan kujerar nan, aiki ya tsaya, malamar makaranta ta yi ta sintiri a kan kujerar falonta yana ce mata yadin ne bai iso ba. Ya ga Tsohuwa a ciki, ya ga makahon da ke saƙa igiya a bakin hanya, ya ga har karen gidan maƙwabta da sunansa. Shi kuwa, ban da kukan nan a bakin bishiya, ko inuwarsa babu.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne littafin ya yi kyau. Yana karantawa yana jin warin jiƙaƙƙun awaki da hayaƙin ɗanyen itace. Da ya zo wurin rasuwar kakarsu, sai ga shi yana share ido da guntun yadin mutane. Tela ya leƙo ya tambaya ko lafiya, ya ce ƙurar soso ce. Da a ce banza Malam ya rubuta, da ya samu abin riƙewa.

Ya ga ba shi da shaida sai Tsohuwa. Ita kuwa tun da littafin ya shigo, 'Yar Baba ke karanta mata da rana, tana ji tana tsaki. Ta ce yaron nan maƙaryaci ne tun yana ƙarami, yaushe ta taɓa yin waƙa tana niƙa, ita da ko numfashi da ƙyar take yi. Amma in yarinyar ta rufe, sai ta ce a ƙara mata kaɗan ta ji ƙarshen ƙaryar.

Ya shiga ɗakinta da 'Yar Baba tana nan, ya gaishe ta, ya zauna a bakin gado. Ya ce, Inna, kin tuna jar akuyarki da ta maƙale. Ta ce awaki nawa suka maƙale a dutsen nan, wacce za ta tuna. Ya ce mai cikin. Ta murza carbi, can ta ce ta dai tuna ranar da aka dawo mata da riga a yage, sabuwa fil, ta yi duka har hannunta ya yi ciwo. Ya matso, ya ce wa ta daka.

"Ku biyun mana. Yaushe na taɓa dukan ɗaya in bar ɗaya?"

'Yar Baba ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya yi yaƙe, ya tashi ya fita.

Sai ya zama saura mutum ɗaya. Baffa Malam yakan zo gaishe da Tsohuwa lokaci-lokaci, kuma Mai Kujera bai taɓa ƙagara da zuwansa kamar wannan karon ba. Ya shirya maganar a ransa ya sake shiryawa. Ba faɗa zai yi ba. Tambaya ɗaya zai yi a gaban yarinyar, shi ke nan, don ya san ƙaninsa, duk iya-yinsa ba ya iya kallon idonsa ya yi ƙarya.

Ranar da ya zo, gidan ya cika. 'Yar Baba ta gayyato ƙawayenta, kowacce da littafinta a hannu. Aka shigar da shi falo, ya zauna a kan kujerar da Mai Kujera ya ƙera da hannunsa, wadda ba a barin yara su hau. Ya ƙara ƙiba, ya sa tabarau, amma har yanzu in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu kamar yana yaro. Ya durƙusa ya gaishe da Tsohuwa, ta ce masa sannu babban maƙaryaci, ya ce ai a wurinta ya koya. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce yayanta ya ce littafin ya cika sanyi, ba a kashe kowa ba. Malam ya ce a gaya masa ya yi haƙuri, a na gaba zai tura mutum biyu kwari saboda shi. Aka yi ta dariya. 'Yar Baba tana tsaye a gefensa riƙe da kofin ruwa, kallon da take yi masa Mai Kujera ya san shi, don a da shi ake yi wa.

Ya bari sai da ƙawayen suka ragu, sannan ya ce, "Malam, tambaya gare ni. Ranar jar akuyar Inna, wa ya sauka?"

Malam ya juyo da fara'arsa. "Haba Yaya, ai kai ka riƙe min igiya. Har yau in na tuna yadda ƙafata take rawa a kan leɓen nan..."

Bai ƙarasa ba. Mai Kujera ya zuba masa ido yana neman alamar ƙarya, ƙiftawar ido ko sosa ƙeya, bai ga komai ba. Mutumin nan da zuciya ɗaya yake magana. Shi ma Malam ya dubi fuskar yayansa, ya dubi yarinyar, ya dubi Maman Yara da ta tsaya a bakin ƙofa da faranti. Sai ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"To, shekaru sun yi yawa," in ji shi a hankali. "'Yar Baba, ki riƙe wannan: babanki ne ya sauka. Ni aron labarin na yi."

Ya faɗe shi da taushi, da ɗan murmushi, irin yadda ake bar wa yaro abin wasa don kada ya yi kuka. 'Yar Baba ta ce to, Baffa. Ta dubi mahaifinta ta yi masa murmushi ita ma, irin wanda ake yi wa marar lafiya.

Da Mai Kujera ya raka ƙanin nasa bakin titi, Malam ya riƙe masa hannu ya ce in yana so, in za a sake bugawa, zai rubuta a shafin farko cewa labarin akuyar na yayansa ne. Mai Kujera ya ce ba so yake a ba shi ba, shi ne ya sauka. Malam ya ce ya ji, Yaya. Ya tsai da mota ya shiga, yana ɗaga hannu.

Yana dawowa, kafin ya shiga, ya jiyo muryar 'Yar Baba daga kicin tana ce wa mahaifiyarta ta ga kirkin Baffa kuwa, ya ɗauki labarinsa sukutum ya ba Baba don kada ya ji kunya a gaban mutane. Maman Yara ta ce ta yi wanke-wankenta ta bar zancen manya. Ya tsaya a zaure yana duba tayar babur ɗin da ba abin da ya same ta.

Daga ranar ya daina zancen littafin a gida. A shago ma in mai kemis ya ɗauko, sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Mai kemis kuwa ya sauya, wai wani babban likita ya ce masa shi ma ya karanta littafin, ya tambaye shi ko da gaske daga can yake, yanzu ya ajiye littafin a kan kanta kusa da ma'aunin hawan jini. Direba yana nan a kan bakansa. Abin da ke damun Mai Kujera ya wuce su. Wani lokaci yana cikin aiki sai ya rufe ido ya nemi leɓen dutsen a ƙarƙashin ƙafarsa. Yana jin sa, yana jin sanyin dutsen da zafin cikin akuyar. Amma tun da ya karanta, kalmomin Malam ne suke zuwa masa tare da abin, ya kasa raba su. Wannan ya fi komai ba shi tsoro.

Wata ranar da ba makaranta, 'Yar Baba ta kawo masa abinci shago. Ta ajiye za ta tafi, ya ce ta zauna ta huta, rana ta yi zafi. Ta zauna a kan wata kujera da aka cire wa baya. Yana jan sabon yadi a kan katako, bai dube ta ba, ya fara magana kamar da kujerar yake yi.

Ya ce akwai wani rami a bayan ƙauyensu, tsakanin wasu duwatsu biyu, bakinsa bai fi a sa kai ba. Lokacin sanyi, in ƙafa ta daskare ta tsattsage, iska mai ɗumi ce ke fitowa daga cikinsa, kamar numfashin saniya. Shi kaɗai ya gano shi. Da asuba in an kora awaki sai ya ce zai zaga, ya je ya zura ƙafafunsa ciki har su dawo nasa. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har Tsohuwa, har wanda suke kwana tabarma ɗaya. Wata rana ya tarar da maciji ya riga shi, ya naɗe a bakin ramin yana jin ɗumi. Suka dubi juna. Ya zauna a gefe ya jira, don ya ga shi ma sanyin ne ya koro shi.

Ya ɗago. Ta tallabe haɓa tana kallonsa, leɓunanta ba sa motsi. Ta tambaye shi ko bai ji tsoro ba. Ya ce ya ji mana. Ta tambaya daga ina ɗumin yake fitowa. Ya ce har yau bai sani ba. Ta ce macijin ya tafi? Ya ce sai da rana ta fito, kuma daga ranar in ya zo sai ya yi gyaran murya tukuna. Ta yi dariya, shi ma ya yi.

"Baba, wannan ai ya fi na akuyar," in ji ta. "Ka gaya wa Baffa. Ya ce min ya fara na biyu, yana neman irin waɗannan."

Hannunsa ya tsaya a kan yadin. Ya ce wannan ba na bugawa ba ne, nata ne ita kaɗai, kada ta kai wa kowa. Ta ce to, da sauri, irin "to" ɗin da take yi in an ce ta rage kallon waya. Ta gyara zama ta matso.

"A ina ramin yake daidai? Ta wajen bishiyar igiyar ne, ko ta wajen rafi?"

Mai Kujera ya dube ta. Ya miƙa hannu cikin gwangwani ya ɗebo ƙananan ƙusoshi, ya zuba su a baki yadda masu aikinsu suke yi, ya ɗauki guduma. Ta ɗan jira, ta sake tambaya. Ya nuna mata bakinsa, ya zaro ƙusa ɗaya ya kafa, ya fara bugawa.